Mika'ilu da Injin Tafsirin Malam Tanko

Mika'ilu mai gyaran garmaho ba ya sayen abu sai ya kara shi a kunne. Kankana, tukunya, ƙararrawar keke, duk sai ya ƙwanƙwasa ya saurara, har matarsa Lantana takan ce ita ma sai da ya ji tarinta kafin ya kai sadaki. Rumfarsa tana bakin kasuwar Makarfi, kusa da masu mazarƙwaila, kuma a farkon samun 'yancin kai babu mai taɓa waya da batir a yankin in ba shi ba.

A lokacin ne muryar Malam Tanko ta dushe. Shi ke tafsirin azumi a gindin tsamiyar ƙofar masallaci tun Mika'ilu yana goye, amma yanzu 'yan baya sai dai su ga leɓe yana motsi. Da azumi ya ƙarato Malam ya ce shi bana ya ajiye, ba zai tara masu ƙishirwa su zauna kallon gemunsa ba. Hankalin gari ya tashi. Manoman rake suka haɗa hannu a sayo lasifika da injinta, irin wadda 'yan siyasa ke yawo da ita a kan mota. Aka ɗora wa Mika'ilu, aka haɗa shi da Ja'afaru, malamin firamare, saboda Turanci. Don ɗoki, a tsaye Mika'ilu ya isa Zariya, alhali ga benci a motar.

A wani kanti a Sabon Gari suka tarar da inji biyu, babba mai ƙyalli da fitilu, da ƙarami kamar akwatin sabulu. Mai kanti ya baje musu wata mujallar Turawa. Ja'afaru yana karantawa yana fassarawa: masana sun gwada, sun ce babban ba shi da na biyu. Aka sa faifai, ganga ta buga har kwalaben kan kanta suka yi rawa. Gaskiya Mika'ilu ya kamu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Can sai ya karkata kai.

"Malam Ja'afaru, su masanan nan, me suka saurara da shi?"

"Kiɗa, Yaya. A cikin ɗaki."

"To mu ai tsoho za mu sa masa, a fili."

Ya lallaɓi mai kanti aka fito da injinan bakin titi, aka jona batirin mota, ya tura Ja'afaru tsallake wajen teloli. Sannan ya ranƙwafa kan abin magana, ya naɗe leɓɓansa a kan haƙora, ya shaƙe murya, ya zama Malam Tanko sak: "Jama'a, a matso, Allah ya yi muku albarka." Har da tarin. Masu wucewa suka taru suna sheƙa dariya, shi ko a jikinsa. A babban injin, Ja'afaru ya ji gurnani kawai, kamar mutum a rijiya. Da aka koma ƙaramin sai ga shi ya tsallako a guje.

"Yaya, har tarin na ji. Amma takardar ta ce wannan ɗin in ya daɗe yana aiki zafi yake yi, ya ɗauke."

Mika'ilu ya ce, "Wannan kam kunne bai gaya mini ba. Allah ya saka wa mai rubutu." Suka ɗauki ƙaramin, a tasha ya ƙara da mafici.

Ranar fara azumi, bayan la'asar, aka rataye lasifika a reshen tsamiya. Da kyar Malam ya yarda ya gwada. Mika'ilu ya durƙusa gefensa yana yi wa injin fifita. Mai jan baƙi ya ja aya, Malam ya fassara a hankali, ya dakata. Sai ga kabbara ta taso daga can nesa, daga bayan rumfunan masu nama, daga waɗanda ke zaune a kan kekunansu, ta yi ta gangarowa har gindin bishiyar.

Malam ya ɗaga kai ya daɗe yana duba, hawaye suna bin gemunsa. Ya manta abin maganar yana gabansa, don haka duk Makarfi ta ji shi.

"Mika'ilu, ashe har can akwai mutane?"

"Akwai, Allah gafarta Malam. Kullum suna zuwa."

Malam ya share fuska da bakin rawani, ya juya wajen mai jan baƙi. "To ja, mu je."