Littafin Taba a Rigar Kalanda

Shekarar da na zo birnin Greensboro na ƙasar Amurka ƙaro karatu, a McLeansville na kama ɗaki, gidan wata tsohuwa baƙar fata da mijinta ya rasu ya bar mata kantar katako cike da littattafai. Babu ƙagaggen labari ko ɗaya. Duk a kan jihohin kudancin ƙasar suke: noman taba, masaƙun da aka rufe, cocin ƙauye, har da wani a kan gashin naman alade, wanda na karanta don ilimi kawai.

Mama nake ce mata, ita kuma Farfesa take kirana don tsokana. Duk Asabar takan zaɓo mini littafi ɗaya, bisa sharaɗin ya dawo yadda ya fita, in ba haka ba a rufe mini kanta.

To ni tsohon malamin makaranta ne. A gida, ɗalibin da bai naɗe littafinsa ba ya san inda zai durƙusa. Da ta ba ni na noman taba, na ga rigar takardarsa duk ta yage, sai na cire ta na ajiye, na naɗe shi da tsohuwar kalanda, har da salatif. Ko hedimasta sai ya yaba.

Ranar Asabar ta juya shi gaba da baya.

"Farfesa, ina rigarsa?"

"Na ɗinka masa sabuwa, Mama."

"Gefen rigar nan yana soke a shafin da mijina ya tsaya. Bai ƙarasa littafin ba."

Asabar biyu aka yi ba a ba ni komai ba. Gaisuwa ma a taƙaice. A ta uku na roƙa a ƙara ara mini shi na yini guda. Na zauna a baranda ina bin shafi ɗaya-ɗaya kamar mai makin jarrabawa. Marigayin yakan ja layi da fensir. A babin busar da ganyen taba layukan suka ƙare, kuma a nan na ga wata inuwa rawaya, daidai faɗin gefen rigar. Na mayar da tsohuwar riga, na soke gefen a wurinsa.

Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon shafin.

"Nan ne," in ji ta. "Wata biyu ya yi a babin nan, kullum barci ke kwashe shi."

Sai ta miƙo mini na masaƙu. "Wannan tsirara yake. Naɗe shi da kalandarka, amma ban da salatif."

Yanzu Mama ta rasu, an sayar da gidan. Littafin masaƙun yana wurina, ita ta bar mini, har yanzu cikin rigarsa ta kalanda, watan Yuni a gabansa, Yuli a baya.