Gyaɗar da Ake Bari a Gida

A gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Kiru, gyaɗa kashi biyu ce: ta kasuwa da ta gida. Idan kaka ta yi aka ɓare, Inna za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ɗora faifai a cinya, ta shiga tsinta. Ƙosassu masu sheƙi su tafi buhu, buhu ya tafi kasuwar Kwanar Dangora. Waɗanda suka yamutse, da masu huji, da waɗanda wani kore-kore ya hau, su faɗa tsohuwar ƙwarya. Wannan ce tamu. Da ita ake kunu, da ita ake ƙuli-ƙuli, da ita ake miya. In na tauna mai ɗaci na tofar, sai Inna ta galla mini harara ta ce, "Ke dai akwai iyayi. Abincin Allah ake tofarwa?"

Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Yaya kuwa shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa. "Wancan" take cewa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa dariya a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi yana yaro sai dai wata ta ɗaga shi. Haka ta taras ana yi, haka ta yi. Amma ni da nake sa ido na san inda take ɓoye sonsa. Wajen rabon kunun gyaɗa ne. Kowa ta zuba masa daidai wa daida, shi kuwa kofinsa sai ya tumbatsa. Na sha yin ƙorafi, ta ce in rufe mata baki, ludayi ne ya kuɓuce. Har ya yi aure ya haihu, ludayin nan bai daina kuɓucewa ba.

Ciwonsa da rama ya fara. Sai idanu suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Da ciki ya kumbura, masu surutu suka ce sammu ne, wallahi har na kusa dambe da wata maƙwabciya a kan maganar. Sai da ya kasa ɗaga fartanya muka kai shi babban asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ƙwayar cutar hanta ta daɗe a jininsa ba a sani ba. Ya ce mun zo a makare. Yaya bai ga damina ta gaba ba. Ranar da aka kai shi makwancinsa, Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ita ce ma take ba matarsa haƙuri. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba.

Ya bar ɗa namiji, kamarsu ɗaya har tafiya. Jika ba a jin kunyarsa, sai Inna ta kwance duk abin da ta ƙulle shekara da shekaru ta juye wa yaron. "Angona" take ce masa, ta goya shi, ta yi masa waƙa, ta cika masa kofi ba tare da ta ɗora wa ludayi laifi ba.

Ni kuma aure ya kai ni Tudun Wada, ina koyarwa a firamare. Wata damina masu bincike daga jami'a suka zo da malaman gona, suna gwaji a gonakin gyaɗa da masara, har da ta maigidana. Abin da suka kawo dawa ce da aka rina shuɗiya kamar an tsoma ta a bula, an gasa ta don kada ta tsiro. Aka tara mu mata, wata malama cikinsu ta ce a jikin dawar nan akwai fumfuna mai rai, za a watsa a gona kafin amfani ya yi fure. Ban san lokacin da na ce, "Ikon Allah! Muna fama da fumfuna a rumbu, ku kuma ku ƙaro mana a gona?"

Ta yi dariya, ta ce tambayar ta yi. Fumfuna iri-iri ce, in ji ta. Akwai wadda ke zaune a ƙasa, ta shiga gyaɗa tun tana gona, musamman in ruwa ya ɗauke ko an tara ta da danshi, ta bar guba a ciki. Tasu ƴar uwarta ce marar guba. In ta riga ta kama wuri, mai gubar ba ta samun wurin zama. Sai ta ɗebo gyaɗa a tafin hannu ta nuna mana irin wadda gubar ta fi taruwa a ciki. Ƙwaryar Inna ce a hannunta, ƙwaya-ƙwaya. Ta ce suya ba ta kawar da gubar, tafasa ma haka, kuma a hankali take cin hanta.

Da aka watse na bi ta har mota, na ba ta labarin Yaya. Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce babu mai iya rantsuwa cewa ga abin da ya jawo, amma in gubar nan ta haɗu da ƙwayar cutar hanta a jiki guda, haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ta ce a kai yaron a gwada jininsa, a kuma raba shi da irin wannan gyaɗa.

Gwajin mai sauƙi ne, na kai shi da sunan zazzaɓi. Raba shi da ƙwaryar ne aiki, don ba zan iya ba sai na gaya wa Inna dalili, dalilin kuwa na san inda zai soke ta. Na gwada dabara. Na kai mata buhun gyaɗa mai kyau daga gonar gwajin, na ce ta ci ce. Ta sa albarka, ta ɗinke bakin buhun ta ajiye wai iri, ta ci gaba da ƙwaryarta. Kai, tsohuwar nan! Na ce likitoci sun hana yara kunun gyaɗa, ta ce likitocin da me aka yaye su?

Wata safiya na je ƙauye, na shiga gidan Inna na taras ta miƙa wa yaron kofi cike fal. Raina ya ɓaci, na fizge na kifar a ƙasa.

"Ke! Lafiyarki kuwa?" in ji Inna.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni. Gyaɗar ƙwaryar nan akwai guba a cikinta. Wannan kore-koren ne. Masu bincike sun gani."

"Mu da muka tashi a kanta?"

"A hankali take yi, Inna."

Ta dube ni. "Ina take taɓawa?"

Na so in yi ƙarya, bakin nan nawa da ba ya shiru ya ƙi buɗuwa. Da ƙyar na ce, "Hanta."

Ta ɗauki ƙwaryar ta nufi wajen kaji, na ce su ma ba a ba su. Sai ta ɗauki fartanya ta zaga bayan ɗaki, na ji tana haƙa. Da ta dawo hannunta duk ƙasa, ta zauna a bakin tabarma, ta kafa wa kunun da ya malale ido.

Sai ta kira sunan Yaya. Cikakken sunansa na yanka, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba.

Ta ce, "Shi nake cika wa."

Yaron ya ɗauki kofinsa daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙa mata yana tambaya ko da saura a tukunya.