Goɗiyar da Attahir Ya Bar wa Jika

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Tanut a kan doki, a shekarun farko na mulkin kai, ya san bargar Jika. Tana can bayan 'yan kanwa: shingen ƙaya, turaku goma sha huɗu, komin ban ruwa, da aduwa guda wadda inuwarta ba ta isar doki biyu. Jika ba shi da doki ko ɗaya. Tun da ya zo duniya bai mallaki dabbar da ta wuce tunkiya ba. Na mutane yake tsaro. Wani ya ɗaure da hantsi ya kwance da la'asar, wani ya ajiye damin gero da harawa ya bar nasa wata guda, ya tafi Damagaram ko Agadas.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma ba ya kiran doki sai da sunan mai shi. Kana wucewa bayan shinge sai ka ji: "Sule Gardi, saki kunnen Yahuza! Kai kuma Yahuza, ka ci naka ka ci na maƙwabci, halinka ke nan tun a kasuwa." Baƙo ya ɗauka manya ne ke rigima, ya leƙa, ya tarar da mutum ɗaya yana kwasar taki.

Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi ya haddace. "Shekara ashirin da biyu," in ji shi, "ban ɓatar ba, ban gurgunta ba, ban musanya ba. Yadda ka ba ni, haka nake mayar maka." Da wannan magana yake ci, da ita yake sha.

A kakar 1963 wani makiyayi daga Tenhya, Attahir, dogo mai ƙarancin magana, ya shigo bargar yana jaye da wata farar goɗiya siririya wadda ta sa kowa ya bar abin da yake yi.

"Jika, zan tafi Makka ta ƙasa. Shekara ce ko biyu, Allah ya sani. Raƙuma da awaki na bar wa ƙannena. Wannan kuwa in na bar musu, za su bi barewa da ita su kashe mata ƙafa."

"Ka kawo ta gida."

"'Yar Bagazam ce, tsantsar irin dawakin Abzin, uwa da uba. Akwai ingarman da na yi wa alkawarinta a Abzin in na dawo. Abu ɗaya na roƙe ka. Kada namiji ya kusance ta."

"Namiji? A bargata? Attahir, ko ƙuda ne, in na gane namiji ne sai ya nemi wani turke."

Attahir ya sa masa ragama a hannu gaban mutane, aka yi fatiha, ya tafi.

Ran nan Jika ya tayar da barga. Ya kai goɗiya ƙarƙashin aduwa, ya ja mata shinge nata daban, ya kwashe mazan dawaki ya kai su can ƙarshe cikin rana. Sule Gardi, dogarin gwamnati, wanda baƙin ingarmansa ya shekara biyar a wannan inuwa, ya zo da kakinsa yana huci.

"Baba Jika, dokin gwamnati ka fitar rana?"

"Na gwamnati ne? Ai ka ce mini naka ne."

"Nawa ne, amma gwamnati yake ɗauka."

"To gwamnati ta saba da rana. Matsa, kana tsaye kusa da amana."

Sai dai goɗiyar 'yar daji ce, ta tashi cikin garke, ba ta san zaman kaɗaici ba. Kwana huɗu ta ƙi harawa, ta ƙi dusa, sai kai da kawowa take yi a turke tana haniniya tana kallon arewa. Jika ya san maganin wannan: dabbar daji sai da abokin zama. Ba wata goɗiya da ke kwana a barga, namijin doki kuwa an hana. Sai ya shiga gida ya kwanto jakin matarsa Hajjo, wanda take ɗebo ruwa da shi, wani tsohon abu mai yagaggen kunne, ya sake shi cikin shingen. Kafin azahar goɗiya ta sa baki a harawa.

Hajjo ta tsaya bakin shinge da tulu a kai.

"Malam, jakin nan fa namiji ne."

"Ke Hajjo, jaki ba namiji ba ne, jaki ne. Dube shi! Ko ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu bai kai gindin wutsiyarta ba."

"To. Ni dai na faɗa."

Rani ya wuce, damina ta sauka, goɗiya ta yi kyau har tana sheƙi. Ciki ya fara faɗi. Jika ya ce harawa ce. Ciki ya ƙara faɗi, ya ce ɗanyar ciyawa ce. Wata safiya yana goge mata jiki, ya ɗora hannu a gefen cikin, abin da ke ciki ya shure shi. Nan ya zauna a ƙasa, cikin taki, bai ma duba ba.

Ya shiga bincike. Ya tuna ranar da ingarman Sule Gardi ya tsinke igiya, ya tuna ranar da ɗan kurun Yahuza, mai sayen gero daga Ollelewa, ya tumɓuke turke. Ya kira su biyun gefe, murya ƙasa-ƙasa, yana jiran kowa ya rantse ba nasa ba ne. Ashe bai san mutane ba.

"Nawa ne," in ji Sule Gardi, yana gyara ɗamara. "Dama na lura da yadda take kallonsa."

"Wannan da ke hutawa sau biyu kafin ya hau tudun kasuwa?" in ji Yahuza. "Kurun nan nawa ƙarami ne, amma ka tambaya a Ollelewa, rabin dawakin garin kakansu ne."

"Don girman Allah ku rage murya," in ji Jika.

Ba su rage ba. Kafin kasuwa ta tashi, har masu sayar da cuku sun ji cewa 'yar Bagazam na da ciki, kuma garin ya rabu biyu. Sule Gardi ya riƙa aiko kanwa "don matar ɗanmu". Yahuza ya riƙa kawo dusa da kansa, ya tsaya yana kallon cikin yana cewa, "Ka ga yadda ya zauna ƙasa-ƙasa? Irin namu ne." Jika kuwa ya rame. Ya daina faɗin maganar shekara ashirin da biyu, yana dai lallashin kansa da cewa ko ba komai doki za a haifa.

Wata goma sha ɗaya ya cika, shiru. Sai da na sha biyu ya kusa ƙarewa, ranar kasuwa da hantsi, goɗiya ta kwanta. Mutane suka bar ciniki suka cika bakin shinge, Sule Gardi a dama, Yahuza a hagu. Ɗan ya faɗo, uwa ta lashe shi, ya yi tangaɗi ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya. Sannan ya girgiza kai, kunnuwa suka miƙe. Suka ci gaba da miƙewa.

Kowa ya zuba wa kunnuwan ido.

"Zai girma ya cim musu," in ji Jika, a hankali.

Daga kusurwar shinge jakin Hajjo ya ɗaga kai ya ɓarke da kuka, irin mai tsawon nan da ke ƙarewa da shessheƙa.

"Alfadari!" in ji wani tsohon madugu. "Wallahi alfadari ne! Rabona da ganinsa tun ina zuwa Kano a ƙasa."

Sule Gardi ya juya ya dubi Yahuza. "Barka da arziki. Ka ce irin naku ne."

"A'a, ranka ya daɗe, ai kai take kallo."

Hajjo ta matso kusa da mijinta, ba ta ɗaga murya ba. "Malam, tudun takin nan da ka tara bayan turkenta, na ce ka kwashe, ka ce sai damina. To, ga shi ya yi wa wani gajere amfani, ya samu abin takawa."

Tanut ta yi wata uku tana dariya. Yara na bin Sule Gardi suna kafa tafin hannu a kai kamar kunnuwa. Yahuza ya koma sayen gero ta bayan kasuwa. Masu zuwa da goɗiya suka koma ɗaure abinsu gidajen dangi. Abin da ya fi ci wa Jika rai shi ne ɗan alfadarin ba shi da laifi ko kaɗan: lafiyayye, mai wayo, yana bin sa duk inda ya nufa yana cusa masa hanci a aljihu. Kuma tunda ba ya kiran dabba sai da sunan mai ita, ya rasa yadda zai kira shi. Sai dai "kai".

Alfadari na da wata shida wani direban babbar motar kaya ya kawo labari: Alhaji Attahir ya iso ƙasar Cadi, nan da wata ɗaya yana gida. Da la'asar Yahuza ya zo, ya ja Jika bayan aduwa.

"Baba, mu rufa wa juna asiri. Ka ba ni abin nan in kai gonata Ollelewa. Kafin wata nono ya ƙafe. Sule Gardi ya ce duk wanda ya buɗe baki a garin nan sai ya share harabar kumandan mai mulkin gari mako guda. Attahir mutumin daji ne, ya karɓi goɗiyarsa ya wuce. Ita kuwa ba ta magana."

Jika ya shiga shinge. Ya kwance igiyar alfadari ya miƙa.

Ba ta magana, amma duk Tanut ta ji ta. Tun tafiyar ɗan take haniniya har muryarta ta dushe. Ta ture komi, ta ƙi ci, ta yi ta fizgar igiya har ta sale ƙafa. Da gari ya waye Jika ya ga jini a dabaibayi, ya shiga gida ya ɗauko sanda.

"Ina za ka, Malam?"

"Ollelewa. An ba ni ita da ƙafa huɗu."

"A kan me? Ga dawaki goma."

"Ban taɓa hawan dokin amana ba. Kwanto mini jakin. Shi ya haifa, shi zai je ya ɗauko."

A wata rijiya kan hanya ya cim ma Yahuza yana ban ruwa, ya karɓe igiyar alfadari daga hannunsa. Washegari ya shigo gari ta tsakiyar kasuwa, shi a kan jaki, alfadari na biye, bai dubi kowa ba.

Alhaji Attahir ya iso ranar wata Laraba, ya ƙara tsawo saboda rama. Jika bai bari an gama gaisuwa ba.

"Alhaji, kafin ka zauna. Ka ce kada namiji ya kusance ta. Na kori goma sha uku, na kawo ɗaya da hannuna. Ga ta, ga abin da ta haifa. Na so in ɓoye maka, har na ba da shi, na je na karɓo."

Attahir ya shiga shinge, goɗiya ta zo ta sa kai a kafaɗarsa. Ya ɗaga kofatonta ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya bi bayanta da tafin hannu, ya tsaya kan tabon ƙafa. Mutane sun cika bakin shinge kamar ranar haihuwa. Sannan ya dubi alfadari, alfadari ya dube shi.

"Ina mijin?"

Hajjo ta jawo jakin. Attahir ya kewaya shi sau ɗaya, ya tsaya gabansa, ya ɗan sunkuya.

"Ina wuni, suruki. Ba kai na yi wa alkawari ba, amma ka riga kowa."

Dariya ta tashi. Jika bai yi ba, shi hukunci yake jira.

"Abin da dabba ta haifa na mai ita ne," in ji Attahir. "Zan tafi da su biyun. Mutumin Abzin kuwa ni zan je in ji kunya gabansa, ba kai ba. Wannan ba zan yafe maka yau ba, Jika. Sai na je na dawo."

Ya karɓi ragama da hannunsa ya fita, ba sallama.

Jika ya sake shekara goma sha wani abu a wannan barga, amma farar goɗiya ba ta ƙara taka cikinta ba. Wata biyu bayan tafiyar goɗiyar, turaku rabi ba kowa, Jika yana zaune gindin aduwa ranar kasuwa, sai ga Attahir kan wani jan doki. Ya wuce gidan ɗan'uwansa inda zai iya ɗaurewa, ya wuce 'yan kanwa, ya sauka a ƙofar shinge gaban idon jama'a, ya miƙa ragama.

"Zan kwana uku. Namiji ne, na duba kafin in taso."

Jika ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya durƙusa ya leƙa da kansa.