Awon Mai Tsaron Raga

Duk Dakoro an san Habi mai ɗinki, wadda ke zama da kekenta a zaure bayan kasuwar dabbobi. Bakinta ba ya hutawa. In ta rataya metir ɗin awo a wuya, babu wadda za ta auna ba ta tsokane ta ba.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga bakin nan: Surayya, 'yarta ta fari. Habi mutuniyar ƙauyen Rumbu ce, ta tashi ta tarar uwa na kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta jawo ta jiki. Tun yaye kaka ta ɗauke yarinyar, sai da karatun kwaleji ya zo ta dawo gida, har ta fi uwar tsawo. Habi na son ta kamar ranta, amma "ke" kawai take ce mata. Ko kayan salla, da tsohuwar riga take gwadawa ta yanka.

Bana aka zaɓi 'yan matan kwalejin su je Maradi wasan ƙwallon hannu, aka ce wadda ta yi fice za a riƙe ta can ta ci gaba da karatu. Tun da Habi ta ji haka abinci ya daina yi mata daɗi. Yarinyar za ta sake tafiya ke nan, ba ta taɓa rungumar ta ba.

Malamar wasanni, Madan Kadija, ta kawo su awon riguna. Gajeru masu gudu a gefen fili, Habi ta ce ƙyalle guda ya ishe su su biyu. Mai faɗin kafaɗa da ke tsakiya tana ture mutane, ta tambaye ta ko ita ke cinye tuwon gidansu. Ana ta dariya har layi ya zo kan mai tsaron raga, wato Surayya.

Habi ta soma naɗe metir. "Waccan na san awonta."

"A'a, Inna Habi," in ji Madan Kadija. "In riga ta matse ta ga hammata, ba ta iya miƙa hannu ta tare ƙwallo. Sai an auna."

Surayya ta buɗe hannuwa. Habi ta ja metir daga yatsa zuwa yatsa, tana mamakin tsawon, tana kallon kantar da ƙwallo ta yi wa tafin. Sai awon ƙirji. Dole metir ya zagaya ta baya, hannuwan Habi suka bi shi, kuncinta ya sauka a kafaɗar 'yarta.

Ta duba lamba, ta saki. Sai ta sake zagayawa.

"Inna," Surayya ta ce a hankali, "kin riga kin auna nan."

"Idona ya tsuhwa, ban gani ba da kyau. Tsaya dai."

Surayya ta sauke dogayen hannuwan nan a bayan uwarta, ta riƙe. Madan Kadija ta juya, ta ce wa sauran su zo waje su zaɓi launin yadi.