Ranar da Gudaji Mai Yasar Rijiya Ya Shiga Teku Ba Igiya

Gardamar da ta kayar da Gudaji a kasuwar Maigatari aka yi ta, wata Alhamis, a rumfar masu kifi. Sayen bushasshen kifi ya kai shi, amma bakinsa ya riga hannunsa isa. Ya tsaya yana gaya wa mai kifin, wani Bahaɗeje mai suna Hussaini, cewa daga Gumel har bakin iyaka babu wanda ya san ruwa kamarsa.

Hussaini ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ruwan naka faɗinsa taku nawa?"

"Taku uku. Amma zurfi gaba talatin!"

"Zurfin rami dai. Ruwan kuwa iya wuya. Yana tafiya?"

"Ina zai je?"

"To ai ba ruwa ka sani ba, randa ka sani."

Rumfa ta kaure da dariya. Gudaji ya juya ya tafi ko kifin bai saya ba. Kafin ya isa tasha sunan Sarkin Randa ya riga shi shiga mota.

Ku san waye wannan da aka yi wa haka. A wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar aka haife shi, gidan masu haƙa da yasa. Shekara arba'in yana shiga rijiyoyin mutane yana kwashe laka. Ya fito da guga ba adadi, da akuya biyu, ɗaya ma da ranta, da ɗan kunnen wata amarya, da wayar wani mai gari da ta faɗa tana cikin ƙara. Ƙa'idar gidansu kuwa ba ta canzawa: igiya a ƙugu, mutum a baki, kuma inda ka shiga nan za ka fito. Matarsa Lauratu takan ce da zai samu, ko banɗaki da igiyar zai shiga.

Da burtsatse ta cika gari aiki ya ja baya. Abin da ya rage masa sunansa, shi ma ga abin da mai kifi ya yi masa. Mutumin da ke cin tuwo malmala uku ya koma ɗaya da rabi.

'Yarsa Rayhana tana auren Alhaji Abduljabbar, mai fitar da riɗi da zoɓo daga Maigatari, irin 'yan kasuwar nan da idan sun gaji da hutawa a gida sai su tafi wata ƙasa su huta. A tsibirin Zanzibar ya koyo nutso a teku, da tukunyar iska goye a baya. Da labarin randa ya kai kunnensa, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, in ka amince mu je ka ga ruwan da ke tafiya." Bai rufe baki ba Gudaji ya aika a ɗauko masa igiyarsa. Gaba talatin cur ya naɗe a jaka, riga ɗaya kawai ta samu wuri.

Suka sauka a wani otal na bakin teku a Zanzibar, ga bishiyar kwakwa, ga Turawa kwance a rana kamar an shanya kuɓewa. Kwana uku wani mutumin tsibirin mai suna Taufiq yana koya masa shaƙar iska ta tiyo a kwamin wanka. Wannan bai ba shi wuya ba, mutumin da ya saba da duhun rami. Abin da ya ba shi wuya rigar roba ce, wadda ta matse shi ta bayyana duk abin da babbar riga ta rufa wa asiri shekara sittin. Ga takalmin agwagwa, ga suruki a gefe shi ma a matse. Kowa ya kafa ido a sama yana nazarin gajimare.

Rana ta huɗu aka hau jirgin ruwa tare da wasu Turawa aka yi nisa. Taufiq yana bayani da Turanci, Abduljabbar yana fassarawa.

"Baba, ya ce a nan ruwan gudu yake yi a ƙasa. Ba a iyo. Sakin jiki za ka yi ya tafi da kai. Shi zai ja balan-balan a saman ruwa, jirgi ya bi ta, inda muka fito can za a ɗauke mu."

"Wato in shiga a Gumel in fito a Gagarawa?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Wa zai riƙe igiya?"

"Babu igiya, Baba."

Gudaji ya zaro tasa. Taufiq ya karɓe da ladabi ya zauna a kai. Gudaji ya yi tunanin komawa gida a ce ya je har bakin teku ya ƙi shiga. Ya yi bismilla ya faɗa.

Da farko lafiya lau. Haske ko'ina, ba laka, ba kwaɗo. Sai ya ɗaga kai ya ga gindin jirgi yana nisa da shi. Nan fa jinin gidansu ya motsa. Kowa ya miƙe ruwa yana tafiya da shi, Gudaji ya juya yana harba ƙafa zai koma inda ya shiga. Ya harba, ya harba, bai matsa taku ɗaya ba. Ya samu wani dutse ya rungume, ƙafafu suna kaɗawa a baya kamar wando a igiyar shanya. Taufiq ya dawo da ƙyar yana masa alama da hannu ya saki. Gudaji ya girgiza kai. Aka nuna masa agogon iskarsa: abin da aka ɗiba don minti arba'in ya zuƙe fiye da rabi a minti goma. Suruki kuwa, maimakon ya taimaka, yana maƙale a gefe yana ɗaukar bidiyo.

Ba shawara ce ta sa ya saki ba, yatsu ne suka gaji. Ruwa ya ɗauke shi cak. Ya rufe ido yana jiran mutuwa, mutuwa ta ƙi zuwa, ya buɗe. Sai ga ƙasa tana wucewa a ƙarƙashinsa, duwatsu masu launi, kifaye garke-garke kamar an rina su a marina, ga wata ƙatuwar kififiya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi ba ta ko kula shi ba. Tun da aka haife shi bai taɓa zama cikin ruwa ba aikin komai ba. Minti biyar aka yi haka, Taufiq ya fito da kowa saboda iskar Baba ta yi ƙasa. Turawan jirgin suka yi ta harararsa. Shi kuwa cewa ya yi a ƙaro tukunya.

Bidiyon ne ya ɓata lamari. Rayhana ta tura wa ƙawarta ɗaya tak, wato dai duk Gumel. Ranar da Gudaji ya koma majalisarsu ta gindin dalbejiya, Malam Aminullahi, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma wanda ya yi ritaya daga komai ban da gardama, yana riƙe da waya.

"Sannu da zuwa, gwanin ruwa! Wannan da ya rungume dutse kamar ya ga uwarsa, waye?"

"Ni ne."

"Daga baya kuma ruwa ya yi gaba da kai kamar leda."

"Na saki ne."

"Ƙarya kake, fin ƙarfinka aka yi! Ku duba idonsa a cikin tabarau, jama'a, kamar na sa a mahauta. Ka yarda kawai, ruwa ya fi ka."

Majalisa tana jira a ga ko bakin zai sake mutuwa kamar a Maigatari. Gudaji ya gyara zama, ya karkaɗe hula, ya mayar.

Ya ce, "Malam Aminu, ni shekara arba'in ina yi wa ruwa hidima, ranar da na je garinsu ya goya ni ya zaga da ni. Kai kuwa ruwa mafi yawa da zai taɓa jikinka sai ranar da za a yi maka wankan gawa. Shi ma a buta, kuma daga rijiyar da na yasa."