Matar da Ta Ƙi Zuba Shuni

Na fara ganinta shekarar da kamfani ya sayi injin niƙa na ƙarshe da ya rage a garinmu, ya sa masa kwaɗo. Kafin nan injina huɗu gare mu, da ƙananan kantuna waɗanda kowa ya san masu su. Daga wannan shekara, gari da shinkafa da madarar gwangwani duk daga ma'ajiyar kamfani suke fitowa, a kan farashin da kamfani ya ga dama. Ni ne akawun ma'ajiyar. Teburina yana jikin taga, da rula, da tawada baƙa da ja, da agogon aljihu wanda ban taɓa bari ya makara ba.

Ran Litinin ta zo neman aikin shara. Gajeruwa ce, siririya, mijinta ya rasu wata biyar da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya mata biyu. Dokar kamfani ita ce ba a ɗaukar kowa sai wani ma'aikaci ya tsaya masa a rubuce. Idan wanda aka tsaya wa ya taɓa kayan kamfani, su biyun ake kora, wanda ya tsaya kuma ya rasa fanshonsa. Ni a lokacin saura shekara bakwai in ajiye aiki.

Manaja ya ce, "Wa zai tsaya miki?"

"Ba ni da kowa, ranka ya daɗe."

"To, koma ki nemo kowa."

Ta juya za ta fita. Amma ni na riga na gani ta taga cewa tun tana jiran a kira ta, ta ɗauki tsintsiya ta share barandar ofis tas, ba wanda ya sa ta. Na ce a ba ni takardar. Na sa hannu, na ja layi da rula a ƙarƙashi.

Ta durƙusa. "Malam, na gode. Ba zan ba ka kunya ba."

Na ce, "Bar batun kunya, 'yar'uwa. Fanshona dai za ki tuna."

Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ba ta daɗe ba aka ƙara mata wani aiki. Kowace Alhamis, ƙarfe goma na safe, akan tara kayan da kamfani ya ce ba za su sayu ba a farfajiyar baya: buhun da ya yage a mota, gwangwanin da ya lotsa, shinkafar da kwananta ya kusa cika. Yawancinsu ba abin da ya same su. Sai a dama shuni a duro, a kwara a kai, mota ta kwashe zuwa wani rami can bayan gari. Na taɓa tambayar Manaja don me ba za a raba wa mutane ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In mun ba su wannan, wa zai sayi wancan?"

Ita ke kwara shunin. Ni nake tsayawa in gani, sannan in sa hannu a ƙarƙashin wasu kalmomi da har yau na haddace su: Na gani da idona an lalata. Cikin wata biyu hannuwanta suka rine har wuyan hannu, sabulu ya kasa. 'Yan dako suka sa mata Shuɗiya, sunan ya bi ta.

Direban motar ramin ya fi kowa tsokanarta. "Shuɗiya, kar ki kuskura ki taɓa min riga, matata za ta ce wa na raɓa!"

"Matarka ta san ba mai raɓarka, tsohon kwano."

Bayan katangar ma'ajiyar akwai unguwa, a can take haya ɗaki ɗaya. Mutanen unguwar su ne kamfani ya fi matsa wa, don yawancinsu a injinan da aka rufe suke aiki da. Idan mota ta juye kaya ta tafi, matan unguwar sukan je ramin da ƙafa, su tone buhunan, su yage, su kwashi tsakiya inda shunin bai kai sosai ba, su tankaɗe. Kowa ya sani, ba mai magana.

A shekararta ta uku, 'yar maƙwabciyarta, yarinya 'yar shekara huɗu, ta kama amai da zawo. Shuɗiya ce ta goya ta zuwa asibiti. Ta gaya min daga baya cewa da likita ya buɗe bakin yarinyar, sai ta ga harshenta kala ɗaya da hannunta. Yarinyar ta rayu, bayan kwana huɗu a gadon asibiti.

Alhamis ɗin da ta biyo, na lura da abin da ba wanda ya lura. Bokiti huɗu take kwarawa kullum. Ran nan ɗaya da rabi ta kwara, duk a kan sahun sama, yadda shunin zai gangaro ta gefe ya ɓata ido. Buhunan ƙasa farare suke fes. Ta ɗago ta dube ni.

Fadan da ya koya mana rubutu a makarantar mishan yakan buga tebur ya ce kada hannunka ya shaida abin da idonka bai gani ba. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da wannan. Na dubi takardar, na dubi buhunan. Na sa hannu. Tawada ta ɗiga a gefen takardar, ɗigo na farko da na taɓa yi a ofis ɗin nan.

Ashe da haɗin bakin Direba. A hanyar rami akwai kwana inda katanga ta kare mota daga ofis. Nan yakan tsaya ya buɗe gaban mota kamar mai duba ruwa, matan su sauke fararen buhunan cikin minti biyar. Wata goma sha huɗu ana haka.

Ba zan ce na yi jarunta a watannin nan ba. Tsoro na ji, safe da yamma. Wayar ofis ta yi ƙara, in ce ni ake nema. Baƙuwar mota ta shigo farfajiya, alƙalami ya faɗi daga hannuna. Matata ta gaji da tambaya.

"Wai kai azumi ka ɗauka na Alhamis ba ka gaya min ba? Abinci na komawa yadda na kawo shi."

Wata rana na tare Shuɗiya a bayan duro. Na same ta a durƙushe tana amai, ba ciwo ba, fargaba.

Na ce, "'Yar'uwa, don Allah ki tuna da ni. Saura shekara uku."

Ta goge baki da gefen zane. "Ina tunawa, Malam. Kullum da kai nake kwana a rai. Amma ka ga harshen yarinyar nan? Ba ka gani ba."

Abin da ya tona mu ba mutum ba ne. Babban ofis ne ya ga ciniki ya ragu a kantinsu na wajen unguwar, ya aiko mai bincike. Dogo ne, mai sanyin murya, ko ina za shi yana riƙe da wani ƙarfe mai tsini na soka buhu. 'Yan dako suka sa masa Tsinke. Ya kwana uku yana yawo a farfajiya ba ya ce wa kowa komai. A na huɗu ya karanta sabuwar doka: daga Alhamis mai zuwa za a farke kowane buhu, kalanzir za a zuba maimakon shuni, shi da kansa zai tsaya.

Sannan ya zo teburina, ya jawo fayil ɗin takardun Alhamis, yana buɗawa a hankali.

"Akawu, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kai, rubutu mai kyau. Alƙali zai ji daɗin karanta shi."

Ya mayar da fayil ɗin daidai inda ya ɗauka.

Ran Litinin da tsakar rana, farfajiya cike da 'yan dako suna hutawa, na fito zan wuce. Sai Shuɗiya ta jefar da tsintsiya a gabana.

"Kai tsoho! Na gaji da kai! Shekara huɗu idonka a kaina kamar na ci maka gado. Na makara minti biyu ka rubuta, na zauna ka rubuta. Don ka sa min hannu a takarda sai ka zama ubana?"

Ban taɓa rubuta ta ba, ko sau ɗaya.

"Mai baƙin ciki! Mai agogo! Kai da rular taka a kabari ɗaya za a sa ku!"

'Yan dako suka fashe da dariya. Manaja ya leƙo, Tsinke yana bayansa. Ta juya wajensu ta ce a cire sunana daga takardarta yanzu-yanzu, ba ta son inuwata. Manaja ya ce in an cire, kwana talatin gare ta ta kawo wani ko ta bar aiki. Ta ce ta ji. Aka kawo takardar. Ni da kaina na ɗauki jar tawada na soke sunana, da rula. Manaja ya jefa mata ita, ta ɗauka ta cusa a zane.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma, tunda gaskiya na zauna rubutawa, a ƙarƙashin ɓacin ran na ji wani sanyi. Na ce ko ba komai na rabu da rabin nauyin.

Alhamis ta zo. Buhu sittin da ɗaya, jarkar kalanzir shida. Tsinke ya tsaya da ƙarfensa, ni a gefensa da takarda. Shuɗiya ta ɗauki jarka ta kai gaban buhunan, ta ajiye. Sai ta hau kan buhunan ta zauna.

"Ba zan zuba ba."

Da ƙyar muryar ta fita. Tsinke ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce ba zan zuba ba, ranka ya daɗe. Garin nan lafiyarsa lau." Ta sa hannu a wani yagaggen buhu, ta ɗebo, ta watsa a baki, ta haɗiye da ƙyar. "Ga shi. In na mutu, ku zuba."

A lokacin na lura da ƙofar baya. Matan unguwa sun cika ta, sun fi hamsin, kowace da kwanon da ba komai a ciki. Ba ihu, ba jifa. Tsaye kawai suke suna kallo ta tsakanin ƙarafa.

Tsinke ya juya ga 'yan dako. "Kai, sauko da ita. Kai, ɗauki jarka."

Na farko ya ce, "Wallahi bayana ya riƙe tun safe, yallaɓai." Na biyu ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Iyayensu mata da matansu ne a bakin ƙofar.

Aka kira 'yan sanda. Da suka wuce da ita ta gabana, gari a haɓarta, ba ta ko dube ni ba. Alƙalami yana hannuna, na riƙe shi kamar zai hana ni faɗuwa.

Kwana tara tana tsare. Kwana tara ina jiran a kira ni. Na kwashe littattafaina daga aljihun tebur na kai gida, na gaya wa matata inda takardun gida suke. Ba wanda ya kira ni. Tsinke ya koma inda ya fito, bai sake buɗe fayil ɗina ba. Na ɗauka addu'ar matata ce.

Matan unguwa kuwa ba su daina zuwa ba. Kowace Alhamis suna ƙofar baya da kwanoninsu, mako goma sha ɗaya, kuma ba a sami mai ɗaukar jarka ba. Daga ƙarshe jami'in lafiya ya zo ya duba buhunan ya ce abinci ne. Kamfani ya fara sayar da yagaggun buhuna a ƙofar baya da rahusa sosai, lotsattsun gwangwanaye kuma ana kai wa asibiti. Farashin ƙofar gaba bai sauka ba, injinan niƙa ba su sake buɗewa ba. Ita ma ba a mayar da ita aiki ba. Wanki ta koma yi wa mutane, har ƙarfinta ya ƙare, shunin kuma bai taɓa barin gindin farcenta ba.

Na yi ritaya da fanshona cikakke. Shekara goma sha shida muna haɗuwa a hanya, ta ce, "Sannu, Malam," in ce, "Yauwa," in wuce. Zagin nan ya ƙi fita daga kunnena.

Bara ta rasu. Na je gaisuwa don kada a ce ban je ba. Da zan tafi, babbar 'yarta, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta biyo ni bakin ƙofa da wata takarda a ninke.

"Baba, ta ce in ba ka wannan."

Na buɗe. Sunana ne, da jan layin da na ja a kansa, gefen takardar duk shatin yatsu shuɗaye.

"Ran Lahadi kafin ta zage ka, wuni ta yi a ɗaki tana gwada zagin, tana kuka, mu muna ta dariya don ba mu gane ba. Ta ce ba ta san yadda ake zagin mutum irinka ba. Maganar rula ma Direba ne ya ba ta."

Ta ci gaba:

"A wajen 'yan sanda kwana uku suna tambayarta wa ya sani. Ta ce akawun nan maƙiyinta ne, su tambayi kowa a farfajiya. Ta ce idonka ba ya gani sosai, ita ke tsayar da kai kana fuskantar rana don ta cuce ka. Suka tambaya, kowa ya ce ai an ga faɗan."

Idona a lokacin ƙalau yake, ko tabarau ban fara sawa ba.

Na ce, "Me ya hana ta gaya min, duk shekarun nan?"

"Ta ce kai ba ka iya ƙarya ba, Baba. Da ka sani, da fuskarka ta tona ku. Bayan haka kuma ta ce kunya take ji, don ta kira ka mai baƙin ciki a gaban mutane."

Na ninke takardar yadda take, na sa a aljihun da agogona yake.