Ranar da Aka Ba Ni Wuƙa a Rugar Kagara

Na yi yawo daga Ngaundere har Khartum, na ga abubuwa da dama waɗanda yanzu sun shige mini duhu. Amma safiyar da aka yi wa wata saniya tiyata a wata ruga kusa da Kagara, ina tsaye a kanta da wuƙa, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Allah.

Saniyar ta matar marigayi aminina ce, Bafulatana mai tallar nono a kasuwar Goronyo. Bokoloji ce fara, ita kaɗai ta rage daga shanun da mahaifinta ya ba ta. An yi mata barbara, ciki ya shiga, watanni suka wuce, ba haihuwa, ba ɓari, ba ta kuma sake neman bijimi ba. Nono ya ƙafe. Ƙanen marigayin ya ce ta zama juya, a kai ta Achida wurin mahauta.

Ni na hana. Na ɗauko wani likitan dabbobi ɗan kudu da ke aiki a Wurno, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya sa hannu ya duba, ya ce mini da Turanci ɗan maraƙin ya mutu ya bushe a mahaifa, shi ya tare hanya. Ya yi allura har sau biyu, bai fito ba. Saura yanka kwiɓi a ciro shi.

Na cika baki ƙwarai. Na ce a Sudan na ga an yi wa saniya haka tana tsaye tana tuƙa. Abin da ban faɗa ba, can a kan siminti ne, tsakanin ƙarafa. Mu kuwa gindin tsamiya muke da shi, da igiya, da maza huɗu.

Ƙanen ya yarda da sharaɗi ɗaya. Ya wasa wuƙa ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, kai ka kawo shi. In ta tashi mutuwa, kai ka yanka. Ba mu yin mushe a gidan ga."

Da hantsi likita ya aske kwiɓin, ya kashe wurin da allura, ya tsaga. Hannunsa na ciki har gwiwa sai ƙafafun saniyar suka soma rawa. Kafin mu ankara ta durƙushe, ta kwanta, ta miƙe wuya a ƙasa. Likita ya bi ta a gwiwa yana danne bakin yankan kada ƙasa ta shiga.

Ruga ta ruɗe. "Yanka, Alhaji! Mi kake jira?" Ƙanen ya riga ya juya kanta gabas, ya ja fatar wuyan. Likita kuma yana ihu da Turancin da ba mai ji sai ni: kada a taɓa ta, gajiya ce da allura, ba mutuwa ba.

Na san harshe biyar, amma a lokacin ba wanda ya gaya mini wa zan bi. In na yanka, na kashe saniyar da watakila za ta tashi. In na jira ta cika, matar nan ta rasa saniya, ta rasa nama, kuma da bakina aka jawo. Na waiwaya na dube ta. Tana tsaye da ƙwarya a hannu, ta ce a hankali, "Alhaji, mi yac ce?"

Ita kaɗai ta tuna a tambaya. Na fassara mata. Sai ta ce, "To tambaye shi, da mi za mu gane?"

Likita ya ce in taɓa gefen idon. Na durƙusa na taɓa. Ta ƙifta. Na sake, ta sake ƙiftawa. Ƙanen ya kai hannu zai karɓe wuƙar, na tura ta ƙarƙashin gwiwata na zauna a kai. "Wallahi in ta mace, alhakin na kanki," ya ce wa matar. Ta ce, "Tawa ce, na ji."

Haka muka zauna, ina taɓa ido ina ƙirga numfashi, har likita ya zaro wani abu baƙi, busasshe kamar tsohon takalmin fata. Ya ɗinke, ya wanke. Sai wajen azahar saniyar ta yunƙura ta tashi.

Likita bai yi alkawarin za ta sake haihuwa ba, amma damina biyu bayan nan aka aiko mini da ƙwaryar kindirmo, da labarin maraƙa mace.

Tun ranar na daina cewa "na gani a ƙasa kaza" kamar gani shi ne sani. Na kuma koyi cewa in hayaniya ta tashi kana riƙe da abin da ba a mayarwa, ka fara tambayar da mi za a gane. Matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba ce ta koya mini.